Sayen Fili a Kano Daga Ingila: Abin da Hatimin Notari Yake Shaidawa

Tun da na kammala sayen fili a Kano ina zaune a nan Ingila, tambayar da 'yan uwa mazauna ƙasashen waje suka fi yi mini ita ce ta hatimin notari, mai shaida sa hannu a takarda: wa zai buga shi, a ina ake bugawa, kuma idan an buga shi ke nan mutum ya tsira da dukiyarsa? Tambayoyi biyun farko suna da amsa mai sauƙi. Ta ukun ce ta sa na zauna yin wannan rubutu, domin na lura da yawa daga cikinmu muna ɗora wa hatimin nan nauyin da bai taɓa alƙawarin ɗauka ba, sai mu kashe kuɗi da lokaci a kansa, mu yi sakaci da wurin da haɗarin yake na gaskiya.

Asalin buƙatarsa rashin kasancewar mai saye ne a wurin ciniki. Takardun cinikin fili suna son sa hannu, ofisoshin gwamnati kuma suna son mutumin da zai tsaya a gabansu ya karɓa ya miƙa, ya koma gobe idan an ce ya koma. Wanda yake Manchester ko Jidda yana da hanya biyu: ko dai a aiko masa da takardar cinikin ya sa hannu ya mayar, ko kuma ya naɗa wakili a rubuce wanda zai yi komai a madadinsa. Ni na zaɓi ta biyu, saboda sa hannu a takardar ciniki farkon zirga-zirga ne kawai. Amma ma'aikacin da ke zaune a ofishin filaye a Kano bai san ni ba, bai san rubutun hannuna ba, kuma ba shi da yadda zai gane cewa takardar wakilcin da ƙanena ya ajiye a kan teburinsa ba a wani shagon kwamfuta na bakin kasuwa aka ƙera ta ba. A nan ne notari yake shigowa, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu a kan takardu. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauki takardar wakilci a matsayin ingantacciya idan an sa mata hannu a gaban notari, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Nijeriya, kuma ya tabbatar da ita. Wadda ba ta da irin wannan shaida ba lallai ba ne ta zama banza, sai dai ranar da aka yi jayayya, mai riƙe da ita ne zai sha wahalar tabbatar da cewa mai sunan ne ya sa hannu, kuma mai sunan yana can bayan teku.

Notari ba abu ɗaya ba ne a ko'ina, kuma wannan yana rikita mutane idan suna kwatanta farashi a tsakaninsu. A Amurka jiha ce take naɗa shi, galibi ba lauya ba ne, ana samunsa a banki ko shagon aika saƙo, kuma kuɗin aikinsa kaɗan ne. A Ingila da Wales kuwa ƙwararren masanin shari'a ne, yawancinsu lauyoyi ne da suka ƙara karatu na musamman, kuma har yau ofishin da ke naɗa su yana ƙarƙashin Babban Limamin Cocin Canterbury, bisa wata doka da aka yi tun 1533. Wannan ya ba ni mamaki da na fara ji, amma haka tsarin ƙasar yake, ba sa gaggawar rushe tsohon gini matuƙar yana aiki. A Nijeriya Alƙalin Alƙalai na ƙasa ne yake naɗa notari daga cikin lauyoyin da suka daɗe suna aiki. Saboda haka idan abokinka na Houston ya ce maka shi kuɗin shayi ya biya, kada ka ɗauka notarin Ingila ya cuce ka. Akwai kuma masu zuwa wurin lauya na gama-gari a nan domin ya fi araha. Lauya yana iya shaida kwafin fasfo, amma a batun takardar wakilcin da za ta yi aiki a Nijeriya, sunan notari ne dokar ta ambata, kuma ban ga hikimar yin tsimi a wannan wuri ba.

Zaman da na yi da notarin bai ɗauki lokaci ba, amma bai yi wasa da ko ɗaya daga cikin sharuɗɗansa ba. Ya nemi fasfo na asali, da takardar da ke nuna adireshin da nake zaune, ya kuma gargaɗe ni tun a waya cewa kada in sa hannu kafin in zo, domin abin da zai shaida shi ne ya ga alƙalami a hannuna da idonsa. Ya sa na faɗa masa da bakina wane iko nake bayarwa, kuma ga wa, don ya tabbatar na fahimci abin da ke cikin takardar kuma ba tilasta ni aka yi ba. Sannan ya ɗinke shafukan da zare, ya manna hatiminsa yadda ba za a iya zare shafi a sauya wani ba tare da an gane ba, ya kuma ajiye kwafi a kundinsa. Wurin da mu Hausawa muka fi samun cikas shi ne suna. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a lambar shaidar ɗan ƙasa, Muhammed a asusun banki, wani wurin an ƙara sunan gari a ƙarshe, wani wurin an cire. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Notari kuwa harafin da ke cikin fasfo yake bi, kuma idan lauyanka na Kano ya rubuta wani abu daban a takardar, zai mayar da kai. Ya kamata a zaɓi rubutun da ke cikin fasfo a bi shi a kowace takarda ta cinikin, na mai saye da na wakili, idan kuma akwai tsohon saɓani a wasu takardun, a yi takardar rantsuwa a daidaita tun kafin a fara.

Bayan notari akwai matakai biyu. A 1961 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Hague wadda ta sa hatimi guda, da ake kira afostil, ya isa takardar wata ƙasa ta karɓu a wata. Birtaniya tana ciki, Amurka tana ciki, Saudiyya ta shiga a 2022, Kanada kuma ta fara aiki da ita a Janairun 2024. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka takardar da za ta je gida tana bin tsohuwar hanya mai tsawo: daga notari ta tafi ofishin tantance takardu na Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya, wanda ke Milton Keynes, su duba cewa sa hannun notarin da hatiminsa sun yi daidai da waɗanda ke ajiye a wurinsu, su manna tasu shaidar, daga nan kuma a kai ta ofishin jakadancin Nijeriya da ke titin Northumberland a Landan, shi ma ya shaida cewa hatimin ma'aikatar na gaske ne. Yana da kyau a tambayi lauyan da zai yi aiki da takardar a gida ko ofishin da za a kai ta yana neman duk matakan nan, domin ba kowane wuri ne yake tsananta haka ba. Ni na bi su duka, saboda gyara daga nesa ya fi tsada.

Idan aka lura da jerin nan, kowane hatimi na ƙasa da shi yake shaidawa. Jakadanci ya shaida ma'aikata, ma'aikata ta shaida notari, notari ya shaida cewa ni ne na sa hannu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce uffan game da filin. Notarin ya faɗa mini wannan a fili ba tare da na tambaya ba: bai san Kano ba, bai san ko fulotin yana nan ko ba ya nan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Matsayinsa kamar na shaidun ɗaurin aure ne, waɗanda za su iya rantsewa cewa an ɗaura a gabansu, amma ba za su ɗauki alhakin halin ango ba. Mutum yana iya riƙe takarda mai hatimi uku da jan zare, ya sayi filin da aka riga aka sayar wa mutum biyu kafin shi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikin masu hatimin.

Abin da yake tsare mai saye yana can gida, kuma fahimtarsa tana farawa ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Dokar ta danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon tsari ba ne, domin tun dokar Turawa ta 1910 da kuma Dokar Ƙasa ta 1962 ta tsohuwar Jihar Arewa ake tafiya a kan makamancinsa. Ma'anarsa ita ce abin da muke kira sayen fili, a idon doka sayen haƙƙin zama ne a kan filin, kuma takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, galibi shekara 99 take bayarwa ga filin gida. Sashe na 22 ya hana mai wannan haƙƙi ya miƙa shi ga wani, ko ya jinginar da shi, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne yake riƙe da wannan iko. Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa ba ne a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda aka jinginar wa banki da kadara ba tare da amincewar gwamna ba, da bankin ya zo sayarwa don karɓar bashinsa sai kotu ta ce jinginar ba ta da tushe. Idan banki da lauyoyinsa sun yi tuntuɓe a wannan wuri, ɗan ci-rani da ke tafiyar da ciniki ta WhatsApp ba shi da dalilin ganin zai tsallake.

Saboda haka kafin in nemi notari, sai da na ɗauki lauya nawa na kaina, wanda ba shi da alaƙa da dillali ko mai sayarwa. Dillali la'adarsa tana rataye ne da ƙulluwar ciniki, kuma ko da mutumin kirki ne, ba shi ya dace ya ce maka ka janye ba. Lauyan ya yi bincike a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano, kamar yadda AGIS take a Abuja da KADGIS a Kaduna, ya duba sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da filin, ko akwai bashin kuɗin ƙasa, ko gwamnati ta soke haƙƙin. Sannan aka ɗauki safiyo ya je ya auna, ya tabbatar cewa turakun da ke ƙasa su ne lambobin da ke kan takarda, domin takarda tana iya zama ta gaske amma ta wani fuloti ce a bayan layi. Hoton bidiyo da aka turo maka ana nuna fili da yatsa ba ya maye gurbin wannan.

Mafi yawan filayen da ake tallata wa 'yan waje a gefen Kano ma ba su da C of O. Gonaki ne da aka yanka, abin da ake kira awon igiya, kuma shaidarsu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da wasu shaidu. Ba na raina wannan takarda, domin mai unguwa ya san tarihin gonar da iyakokinta fiye da kowane fayil, kuma idan rigima ta tashi shi ake fara kira. Amma ba ta hana gwamnati zuwa gobe ta ce wurin hanya ce ko makaranta a tsarinta, kuma hatimin notari a kanta ba ya mayar da ita takardar gwamnati. Idan kuma filin na gado ne, tambaya ta farko ita ce ko an raba gadon, ta biyu kuma ko duk magada sun yarda, har da mata da waɗanda suke aure a wani gari da marayun da ba su balaga ba. Babban wa yana iya sayarwa da zuciya ɗaya yana ganin shi ne uba, bayan shekaru ƙanwarsa ta shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci, kuma tana da gaskiya. Takardar rabon gado daga kotu ta fi mini kowane irin alƙawari na baki.

Rubuta takardar wakilcin ita kanta shi ne wurin da na fi daɗewa, kuma a nan ne shari'a take cin karo da kunya. Irin wadda ake saukewa daga intanet tana ba wakili ikon saye da sayarwa da jingina da karɓar kuɗi a kan duk abin da mutum ya mallaka, ba tare da ranar ƙarewa ba. Na ce wa lauya ba na so. Tamu ta ambaci fuloti ɗaya da lambarsa da unguwarsa, ta lissafa abin da wakili zai yi, wato sa hannu a takardar ciniki a madadina, da neman amincewar gwamna, da biyan kuɗaɗen gwamnati, da karɓar takardu, ta kuma faɗa a sarari cewa ba shi da ikon sayarwa ko jingina ko naɗa wani wakili a ƙarƙashinsa, sannan aka sa mata wa'adi. Da ƙanena ya karanta, sai ya ce, "Yaya, wannan ai kamar ba a yarda da ni ba." Na ce masa da ban yarda da shi ba da ban sa sunansa ba, kuma ƙuntata ikon shi ma kariya ce gare shi, domin ranar da wani a dangi ya matsa masa lamba a jinginar da filin don wata buƙata ta gaggawa, yana da takardar da zai nuna ya ce ba shi da iko. Addini ma bai ɗauki rubutu a matsayin zargi ba, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu idan an yi ciniki, kuma da muminai take magana.

Wani abu da ya kamata a tsaya a kansa shi ne sunan da zai hau takardar cinikin. Sau da yawa, don gudun wahalar notari da aika takardu, sai a ce wakili ya saya da sunansa kawai, in ya so daga baya a juya. Wannan "daga baya" ciniki ne sabo a idon doka, mai buƙatar sabuwar amincewa da sabon haraji, kuma idan rai ya yi halinsa kafin a juya, filin ya shiga cikin gadon wakilin, sai mai kuɗin ya koma roƙon 'ya'yan ɗan uwansa da hujjar saƙonnin waya. Sunan mai saye ne zai hau, wakili kuma ya sa hannu a matsayinsa na wakili, a haɗa da kwafin takardar wakilcin. Akwai kuma al'adar da ta yi ƙarfi a Abuja, inda mai sayarwa yake ba mai saye takardar wakilci da ba a sokewa a maimakon takardar miƙa mallaka, don a rage kuɗi da jira. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallakar ƙasa, izini ne kawai na yin aiki da sunan wani. Wanda yake zaune a gari yana iya sa ido a kan irin wannan tsari. Wanda yake nesa bai kamata ya tsaya a kansa ba.

Ɓangaren mai sayarwa ma yana da nasa shaidun. Idan dattijo ne da yake karanta ajami amma ba ya karanta Turanci, wajibi ne a karanta masa takardar a fassara masa, a kuma rubuta a jikinta cewa an yi hakan da sunan wanda ya yi, in ba haka ba shi ko magadansa suna iya cewa bai san abin da ya dangwala wa yatsa ba. Idan kuma shi ma wakili ne ya tsaya masa, to duk tambayoyin da ofis zai yi wa takardarka kai ma ka yi wa tasa, ka ƙara da neman magana da mai filin kai tsaye, domin wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar da shi. Kuɗi kuwa ta banki za su bi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar filin. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma ko babu wannan doka, rasidin banki shaida ce da ba ta mantuwa.

A 2023 Nijeriya ta yi sabuwar dokar notari wadda ta maye gurbin tsohuwa ta zamanin Turawa, ta kuma halatta shaida takardu ta hanyar bidiyo da hatimin lantarki. A rubuce wannan yana nufin mutum zai iya zama a ɗakinsa a Ingila, notarin Nijeriya ya gan shi ta kwamfuta, ya shaida sa hannunsa, a huta da Milton Keynes da Landan. Ina ganin nan ne aka dosa, kuma zai sauƙaƙa wa waɗanda suke zaune a ƙasashen da ofishin jakadanci yake da nisa. Sai dai abin da doka ta halatta daban, abin da ma'aikacin da ke kan tebur ya saba gani daban, kuma fayil ɗinka a hannunsa yake. Kafin a bi wannan hanya, lauya ya je ofishin da za a kai takardar ya ji daga bakinsu cewa za su karɓa.

Bayan an sa hannu a takardar ciniki saura abu uku: biyan harajin kan sarki a kanta, samun amincewar gwamna, da yi mata rajista a ofishin filaye. Mutane da yawa suna tsayawa da zarar sun karɓi takardu daga mai sayarwa sun zagaye fili da bulo, alhali a fayil ɗin gwamnati sunan tsohon mai shi ne yake nan, kuma duk wanda ya zo bincike shi zai gani. Amincewar tana ɗaukar lokaci, shi ya sa wa'adin wakilcin ya kamata ya yi tsawon da zai kai ƙarshen rajista, don kada ya ƙare a tsakiya a sake komawa wurin notari daga farko. Da rajista ta kammala, na rubuta takardar soke wakilcin, lauya ya kai kwafinta ofishin filaye aka sa a fayil, takardun asali kuma suna ajiye a banki a Kano da sunana, ni kuma ina riƙe da kwafinsu a nan.